Matakin da Ya Ƙi Zama

Jang ya iso kwanar da ke tsakiyar hawa ya tarar da rami a inda ya bar mataki. An sake ɗauke dutsen.

Ofishinsu na gwamnati ne ya ɗora masa aikin fitar da hanya a Dutsen Kurciya, can bayan garin Dutse, hanyar da mai goyo da tsoho da yaro za su hau su sha iska ba tare da an sauko da kowa a kafaɗa ba. Abokan aiki sun ɗauka neman suna ne ya sa ya ɗauki abin da zafi. Ba su san 'yarsa Zipporah ba, wadda shan-inna ya shanye wa ƙafa ɗaya. Shi da ya tashi yana tsalle a duwatsun Filato kamar akuya, 'yarsa ba ta taɓa hango rufin gari daga sama ba. Ya yi mata alkawari ranar buɗewa da sandarta za ta hau, ba wanda zai ɗauke ta.

Ko'ina ya yi daidai sai wannan kwana. Tazarar ta fi ƙarfin ƙafar yarinyar, dole sai da mataki a tsakani. Ya samo dutsen da ya dace a wani fili da ke gefe, tsohon kufai da ciyawa ta cinye, sai fasassun tukwane nan da can. Ɓarin dutsen niƙa ne mai faɗi, da ɗan kwarmi a tsakiya inda tafin ƙafa zai zauna daram.

Amma dutse ya ƙi zama. A dasa shi yau, gobe a same shi ya koma kufai, ya kwanta cikin sawun da ya bari a ƙasa tun farko, ko karkacewa babu. Leburori suka ce aikin mutanen ɓoye ne. Jang bai yarda ba. Ya yi sammako wata safiya ya laɓe, sai ga aljanin nasu: Iya Talatu, tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙauyen gindin dutsen, tana mirgina dutsen tana haki, ta huta, ta sake turawa.

"Mama, niƙa za ki yi? Ki bar wannan, ni zan sayo miki sabo."

"Ba na niƙa ba ne, ɗan nan."

"To na mene ne?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Jang ya danne fushi ya ba ta labarin Zipporah da ƙafarta da alkawarin da ya yi. Tsohuwa ta saurara har idonta ya ciko.

"Ita ce ta fari?" ta tambaya.

"Ita ce. Zipporah, 'yata ta fari."

Ta dube shi kamar wanda ya tuɓe riga a kasuwa, ta kau da kai. Da ya waiwaya bayan ya sauka, sai ya ga ta ci gaba da mirgina dutsenta.

Haƙurinsa ya ƙare. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, matashi ne da aka haifa bayan mutanen ƙauyen sun sauko daga kan dutse. Aka kira Iya Talatu gaban maza cike da zaure, aka ce ta faɗi hujjarta. Ta sunkuyar da kai, ta buɗe baki, ta sake rufewa. Aka yanke cewa rikicin tsufa ne, aka gargaɗe ta kada ta ƙara taɓa kayan gwamnati.

Jang bai tsaya nan ba. Ya sa aka dasa dutsen da siminti. Kufan kuma, tunda fili ne a banza, aka sare ciyawar, aka baje ƙasar, aka zuba yashi mai kauri, aka kafa lilo. Ya dubi aikinsa ya ji ya kyauta wa yaran gari.

Ranar buɗewa Dutsen Kurciya ya cika da iyalai da kuloli da masu ɗaukar hoto. Zipporah ta hau tana dogara sanda. Da ta iso kwanar ta tsaya, ta dubi babanta, ta ɗora lafiyayyar ƙafar cikin kwarmin dutsen, ta ja ɗayar ta haye. Mahaifiyarta Liyatu ta fashe da kuka. Jang bai taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Suna saukowa ya hango Iya Talatu a filin lilo, ba takalmi, tana zagaye cikin yashi. Ta taka nan, ta tsuguna ta shafa can, yara na bangaje ta suna wucewa. A bakin filin wata mata na tsaye riƙe da takalmanta. Aka ce masa Mashkura ce, 'yarta da ke aure a Miga, jiya ta zo.

Mai farin ciki ba ya riƙo. Jang ya ɗauki kwalbar lemo ya nufe ta da fara'a.

"Ashe Mama ta huce. Wani abu ta yar ne? A sa yara su taya ta nema."

Mashkura ba ta karɓi lemon ba.

"Yallaɓai, kun tsayar da ita gaban maza kun ce ta yi magana. A wurinmu uwa ba ta zancen ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa." Ta nuna yashin da haɓa. "Ɗakinta na aure a nan yake a da. A bayansa aka binne yayana, ɗanta na fari, yana jariri, kuma dutsen nan kaɗai ne alamar inda yake kwance."