Awarar Inna Kulu

Shekara tara ke nan da hana cin nama a Kano. Cikin gidajen abinci, na Inna Kulu na fi so, don awararta tana shan tafarnuwa.

Yau da safe Baba ya ba 'yata Siyama kilishin ɓoye, ga shi na'urar ƙofar makarantarsu tana shinshina bakin yara. Wanda ta kama, hukuma ke ɗauke shi.

Sai muka biya wurin Inna Kulu. "Inna, ki cika mata tafarnuwa," na ce.

Ta dubi Siyama. "Tsohon nan ne ko? Ba ya ji!"

Kafin in wanke wa Siyama hannu, na kai yatsunta hancina. Sai ga layin masu tsire na yarintata, hayaƙi da ƙuli.

"Umma, za mu makara."

"Bari dai, minti ɗaya."