Shafin da Ya Daina Jira

"Jira ɗabi'ar talakawa ce," in ji Manaja. "Shafinmu ba zai sake jiran kowa ba."

Gemu, mai kula da shafin rajistar jarrabawa, ya gyaɗa kai. Tsohon tsarin hanya biyu gare shi. Ko shafin ya aika buƙata ya sandare har babbar kwamfuta ta amsa, ko ya aika ya ci gaba da harkarsa, amsa ta biyo baya. Ta farkon suke bi. Ɗalibai na zagi, amma rajista na shiga.

"Ranka ya daɗe, in za mu koma ta biyun, sai an rubuta abin da zai saurari amsar."

"Wa zai ga wannan? Gobe baƙi za su zo."

Gemu ya canza kalma ɗaya a cikin umarnin da ke tafiyar da shafin. Yanzu da ka danna sai shafin ya ce "An karɓa", ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Baƙi suka tafa. Manaja ya samu ofis mai taga, Gemu ya samu sabuwar kujera.

Ranar jarrabawa ya dawo gida ya tarar da 'yarsa a falo, riƙe da fensiran da ta fiƙe tun jiya. An koro ta daga ƙofa, wai babu sunanta.

"Baba, wallahi ya ce an karɓa. Ko ni ce na danna ba daidai ba?"

Gemu ya daɗe yana kwance igiyar takalminsa.

"Kin cika gaggawa," ya ce. "Baɗi sai ki lura."

"To, Baba. Ka yi haƙuri."