Waƙar Hanyar Turba

Tsohon ya ajiye wayarsa gaban mai tura waƙoƙi a kasuwar Isa. Gobe da safe sunan jikansa na fari a Turba, kuma sai ya rufe rumfarsa bayan isha'i zai taka kekensa shi kaɗai.

"Zuba mini masu zafi," in ji shi. "Na noma ukku don hawan tudu, na kalangu biyu don rairayi. In na hango gari, ta dambe."

"Baba, suna za ka ko kokawa?"

"Tura dai."

Mai shagon ya duba, ya ce memori ya cika, sai an goge wani abu. "Ga wata doguwa nan, ba kiɗi. Yarinya ce ke rera shirme, ga ƙarar sarƙar keke."

Ya kunna. Muryar 'yarsa ta fito, tun tana 'yar shekara takwas, tana waƙa a bayan kekensa don ta kori tsoron duhu. Ita ce mai jegon yau.

"In goge ta, shidan su shiga?"

Tsohon ya karɓe wayarsa ya sa aljihu.

"A'a. Riƙe shidanka. Wagga ba a goge ta."