Dabinon Siminti da Ragon Layya

Kai da kake shirin sayo abin ado ka kafa a ƙofar gidanka, tsaya ka ji labarin wani direban tanka. Mutumin nan ya sha wahalar hanya har furfura ta fito masa, sannan Allah ya hore masa ya gina ɗan gida a bayan gari. Ya shafe farfajiyar da siminti tas, ko inda kaza za ta yi tono bai bari ba. Da ya tsaya ya duba sai ya ga wurin fayau kamar faranti, ransa ya ce lallai sai an sa wani abu a tsakiya irin na gidajen manya. Ya nufi bakin titi inda masu ƙera kayan ado na siminti suke baje hajarsu. Ga zaki, ga dawisu, ga mikiya ta buɗe fukafukai, amma duk ya wuce su, don ba zai ajiye siffar mai rai a gidan da ake salla ba. Can ya hangi wata bishiyar dabino da aka ƙera, ta fi mutum tsayi, an yi mata fenti har da nonnan 'ya'ya jajaye. Ya tambayi kuɗinta, ya ji araha har sai da ya sake tambaya. Mai ƙirar kuwa bai ɓoye masa komai ba. Ya ƙwanƙwasa masa jikinta ta yi ƙara kamar gwangwani, ya ce masa ragar waya ce aka naɗe aka shafa mata siminti sama-sama, cikinta holoƙo ne, za ta jure rana da ruwan sama shekara da shekaru, amma ta kallo ce kawai, kada a jingina da ita, kada a rataya mata komai. Direba ya ce ya ji, ya biya, aka ɗora masa a kura.

To, har nan babu laifin kowa. Abu ne mai kyau, ya saya daidai ƙarfinsa, gida kuma ya yi fes. Inda gizo yake saƙar shi ne bakin mutumin. Maƙwabta suka shigo taya murna, wani ya ce ai wannan sai gidan gwamna, kan direba ya kumbura. Nan take ya ce zubin kankare ce tun daga gindi har sama, da rodi a ciki, sai da ƙarti suka haɗu kafin a sauke ta, ko mota ta kubce ta daki dabinon nan motar ce za ta ji jiki. Kullum aka yi baƙo sai ya maimaita, kullum kuma sai ya ƙara gishiri. Abin takaicin, ko maiɗakinsa bai gaya wa gaskiya ba, ita da ta yi shekaru tana jiran dawowarsa daga hanya ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Ta ji, ta yarda, har tana faɗa wa ƙawayenta.

Babbar salla ta matso, ya sayo rago, ƙato mai ƙaho biyu a murɗe, wanda ya daɗe yana tanadi dominsa. Shi mutum ne da bai taɓa fashin layya ba, kuma a unguwar da ya baro gidansa ne ake jiran rabon nama. Ran jajibere da hantsi aka kawo ragon, shi kuma ya fita aski. Uwargida ta nemi inda za ta kafa turke ta rasa, ko'ina siminti. Me za ta yi? Ga abin da ko mota ba ta iya kayarwa a tsakar farfajiya. Ta zagaya igiya a gindin dabino ta ƙulle tam, ta bar ƙofa a buɗe don masu kawo itace, ta koma kan aikinta hankali kwance. Rago ya ji kukan tumaki ana wucewa da su a waje, ya ja baya ya fizga sau ɗaya. Bishiyar ta karye daga gindi ta faɗi rugum, siminti ya tarwatse, waya ta fito tsirara. Ƙarar ta firgita ragon ya yi waje da gudu, igiya na jan ƙasa. A irin ranar nan da garin yake cike da raguna da masu jan raguna, wa zai tambayi wani ina ka samo naka? Aka bi lungu-lungu har la'asar, ba a ga ragon ba ko sama ko ƙasa.

Direba ya dawo ya tarar da maƙwabta sun kewaye ɓaraguzan, wani har yana zura hannu cikin kogon yana girgiza kai. Ya buɗe baki zai yi wa matar faɗa, ta dube shi da hawaye ta ce, "Baban Sahura, da ka gaya mini holoƙo ce, ai da a hannuna zan riƙe igiyar har ka dawo." Washegari ya sauko daga idi, wuƙarsa na nan a wase ba abin yankawa. Da azahar aka fara sallama a ƙofa, maƙwabtan nan da ya cika wa kunne su ne suke aiko masa da nama a kwano, shi da ya saba bayarwa. Ya karɓa yana godiya, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Saboda haka sayi abin da aljihunka zai ɗauka, ba abin kunya ba ne, ka kuma kira shi da sunansa. Hausawa sun riga sun gama magana: ramin ƙarya ƙurarre ne.