Karfasar da Ta Warke

Wayar Dogo ta yi ƙara, ya ɗaga. Auta ce, yarinyar da yake neman aure, kuma ba ta taɓa kiransa da sassafe haka ba.

"Yaya Dogo, ka zo yanzu! Kifin Abba sai juyawa suke a saman ruwa, idanunsu sun kumbura. Abba ko karyawa bai yi ba."

Watannin baya wata cuta ta faɗa wa karfasar da Dogo yake kiwo, ta kusa share kududdufinsa. 'Yan kaɗan suka tsira, suka murmure, suka yi ɓul-ɓul har suna sheƙi. Su ya zaɓa ya kai wa mahaifin Auta kyauta. Kunya ta hana shi ambaton cutar, kada a ce bai iya sana'a ba.

"Wato da kifi za ka saye ni, ja'iri?" Abba ya ce ranar yana dariya, ya juye su cikin babban kududdufinsa.

Yau babu dariya. Dogo ya tarar da likitar dabbobi tsugunne a bakin ruwa, wari ya cika wurin, Auta tana kwashe matattu da raga tana share hawaye da gefen mayafi.

"An kawo baƙin kifi nan?" likitar ta tambaya.

Dogo ya ce, "Na kawo. Sun yi ciwo, amma wallahi sun warke sarai."

"Su sun warke," ta ce. "Garkuwar jikinsu ta gane ƙwayar cutar, ta danne ta, amma ba lallai ƙwayar ta rabu da su ba. Na Abba ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Irin wannan cutar kuwa ba ta jin maganin da kuke zubawa a ruwa."

Abba bai ɗaga murya ba, gara ma da ya yi faɗa.

"Ka san sun yi ciwo, ka zauna a tabarmata, ka yi shiru?"

"Abba, don Allah..."

"Ɗana, ka dakata da zuwa gidana."

Dogo ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da jan raga.

Mai karatu, kifin da ya tsira daga cuta yana iya ɗauke da ita. Ka ware baƙon kifi har likita ya duba shi, kuma kada ka ɓoye ciwon da kifinka ya yi.