Kujera Ɗaya a Taron Sallama

Katin gayyatar ya faɗo ne daga cikin littafin 'yarsa lokacin da Mai Keke yake jan tebur zai share ƙasa. Bokonsa bai yi nisa ba, amma ya isa ya gane abin da aka rubuta. Gidauniyar da ta ɗauki nauyin karatun 'yarsa a ƙasar waje za ta yi taron sallama ranar Asabar, kuma kowane ɗalibi an ba shi kujera ɗaya ta mai rakiya. A layin mai rakiyar, sunan ƙaninsa ne.

Ya zauna a bakin gado da tsintsiya a hannu. Shekara ashirin da biyu yana gyaran keken ɗinki a rumfa ɗaya, da shi ya biya kowane littafi. Tun tana shekara shida uwarta ta rasu, bai sake aure ba. Shi ya koyi kitso da yatsun da suka saba da baƙin mai, kitson da ya sa 'yan aji suka yi mata dariya sati guda. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Yau ga Uwata ta ba wani kujerarsa.

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Duk takardun neman tallafin, Baffanta, wato ƙanin nasa, ta kai wa, wai gidauniya ta fi son sa hannun ma'aikacin ofis. Shi kuwa uban, ta roƙe shi kada ya kira su ko ya je, wai suna da tsauri, ƙaramin kuskure sai ya ɓata komai. Ta karɓi takardun asibitinsa na hatsarin da ya yi shekara tara da suka wuce, wai ana son tarihin lafiyar iyali. Duk ya yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

Shi kuwa ƙanin nasa, wanda da ba ya kwana uku bai zo ya cinye masa abincin rana ba, wata huɗu ke nan sai gaisuwa daga nesa. Idan suka haɗu, idonsa a ƙasa kamar mai neman allura. To, ga dalili ya fito. Mai Keke ya yanke hukunci cewa ƙanin ne ya hure wa yarinya kunne, ya nuna mata uba mai ƙamshin man inji ba ya shiga taron manya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ƙanin da ya goya a bayansa ne ya yi masa haka.

Ya mayar da katin cikin littafin. Ranar Alhamis ya rufe rumfa da wuri, ya goge faratansa da soso har suka yi ja, ya sa rigar da yake ajiye wa ɗaurin aure. Ba faɗa zai je yi ba. Godiya zai yi, sannan ya roƙi a ƙara kujera ɗaya, ko a bayan ɗaki ne.

Ofishin yana hawa na biyu, da sanyin na'ura da hotunan ɗalibai jere a bango. Ya hango na 'yarsa, na uku daga dama. Ya faɗa wa mai karɓar baƙi cewa daga gidan su wannan yake, ya nuna hoton. Nan take aka shigar da shi wurin shugabar, wata dattijuwa mai farin gilashi, wadda ta miƙe tsaye ta ce ai ba sai an faɗa ba, jini ba ya ɓuya. Ta sa aka kawo masa ruwa.

"Ranki ya daɗe, kan maganar mahaifinta na zo," in ji shi.

Fuskarta ta sauya. Ta cire gilashin ta ajiye, ta ce maganar mahaifin nan ita ta ba yarinyar gurbi. Mutum ɗari takwas suka nema, goma sha biyu aka ɗauka, kuma a cikin bayanan da ɗalibai suka rubuta game da rayuwarsu babu wanda ya girgiza kwamiti kamar nata. Ta jawo fayil ta fara ba shi labarin abin da ke ciki: mutumin da ya koyi kitso saboda 'yarsa, wanda yake ajiye mata gefen teburin gyara ta yi aikin gida, wanda ya taɓa tafiya a ƙasa daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan don ya samo mata littafin lissafi.

Mai Keke ya sunkuyar da kai. Ashe ta tuna. Ashe duk tana riƙe da su, har da littafin da shi kansa ya manta. Fushin kwana biyu ya narke, kunya ta kama shi don ya zargi Uwata da gudunsa. Hawaye suka zubo, bai ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba.

Dattijuwar ta tura masa hankici, ta jira ya ɗan natsu, sannan ta sassauta murya.

"Sai haƙuri, Malam. Shekara tara ba ta goge rashin ɗan'uwa. Mu marayun da suka rasa uwa da uba kaɗai muke ɗauka, amma tun da Baffanta ya kawo mana takardar rasuwar mahaifin nan nake ji kamar na san shi. Allah ya jiƙansa."