Waƙar Shekarar Aurensu

Tun da aka fara maƙala wa kowa 'yar na'ura a kunne, mai rera masa waƙar da shi kaɗai yake ji, babu mutum biyu a Funtuwa da suka san waƙa ɗaya.

Ran nan Goggo Lantana ta kai niƙa, ta tarar da Tambai, ƙawarta ta ƙuruciya. Murna ta kama ta. Sai ta jawo baitin farko na waƙar da ta cika gari shekarar aurensu, ta dakata.

Tambai na ta kaɗa kai, amma wani kiɗan take bi.

"Tambai, ina amshi?"

"Wane amshi, Lantana? Ai tawa ba ta da shi."

Lantana ta ɗan jira. Sannan ta sassauta murya, ta amsa wa kanta.